Ɓarawon Guntaye

Tun ranar da aka binne Delores Zastrow, cikin wancan hunturun da ƙanƙara ta toshe ƙofar coci, mijinta Norbert ya ɗaure bakinsa kamar bakin buhu. Bai yi faɗa da kowa ba, bai ce yajin cin abinci yake yi ba. In an kawo masa kwano sai ya dubi kwanon, ya dubi mai kawowa, ya ce, "An gode, na ƙoshi," ya ture da bayan hannu a hankali. Mutumin da duk garinmu ya ci daga hannunsa fa! Babu yaron da ya tashi a wannan lungu na Wisconsin bai taɓa tsayawa gaban kantar Norbert ba, yana kallon yadda yake yanka naman sa mai gishiri siriri har kana hango fitila ta cikinsa, ya jibga kabeji mai tsami da cuku a tsakanin burodi, ya miƙo yana cewa, "Ci, ɗan nema, ka yi kama da tsinke." Yau ga shi shi ne ya koma tsinken.

'Yarsa Renae ce ta ɗauko shi ta dawo da shi gidanta, ta ba shi ɗakin ƙasa. Babu abin da baiwar Allah nan ba ta gwada ba. Ta yi romon kaza, ta yi dankalin da aka tuƙa da man shanu, ta yi masa sanwicinsa na kanti da hannunta, ta sayo madarar gwangwanin nan ta marasa lafiya mai warin alli. Ta lallashe shi, ta yi masa kuka, wata rana har ta daka masa tsawa ta koma bayan gida ta kulle kanta don kunya. In an yi sa'a ya kurɓi shayi ya gutsuri kunnen biskit, shi ke nan na ranar. Sau biyu mijinta Rod yana ƙara wa bel ɗin tsohon huji da ƙusa. Ga shi tunaninsa ma ya fara yi masa gardama, yau ya san ta, gobe ya ɗauke ta ma'aikaciyar asibiti ya riƙa ce mata "ranki ya daɗe."

Da aka shiga watan Yuni likita ta daina kwana-kwana. Ta ce wa Renae ranar Litinin ta zo da amsa ɗaya cikin biyu: ko a huda cikinsa a zura masa robar abinci, ko a bar shi a gida a jira ikon Allah. Renae ta fito ta zauna cikin mota ta kasa tayarwa. Domin a wannan asibitin, lokacin da uwarta ke kwance roba ta hanci roba ta ciki, Norbert ya damƙi wuyan hannunta a baranda, idonsa jajur, ya ce, "Ki rantse mini ba za ki bari a yi mini haka ba. Ke na faɗa wa, ba yayanki Curt ba." Ta kuwa rantse. A lokacin rantsuwar ba ta da nauyi, don yana tsaye da ƙafarsa, da tumbinsa.

Gaba kura, baya siyaki ke nan. Ta sa masa roba ta ci amanarsa, ta ƙi sawa ta zuba ido ubanta ya bushe a ɗakin ƙasa. Abu ɗaya ya rage mata ta jingina da shi, shi ne ranar Asabar. Ranar ce za a yi walimar gama sakandaren 'yarta Kenzie, kuma a gidan Zastrow ba a taɓa buɗe gareji a tara jama'a ba tare da katantanwar Delores ba.

Haka ake kiranta a gidan, saboda in an yanka ta da'irar ciki takan fito a murɗe kamar bayan katantanwa. Duk abin da Norbert ke cusawa a burodi a kanti, Delores sai ta shimfiɗa shi a kan totiya, wato burodin nan mai faɗi siriri kamar faifai, ta naɗe tamau, ta yanka ƙanana yadda mutum zai ɗauka da yatsa biyu yana hira. Kowace mace a garinmu tana yin irinta, kowace kuma ta san tata ba ta kai ta Delores ba. Tun rasuwar ba wanda ya yi ta a gidan. Renae ta sa a ranta cewa in akwai abin da zai buɗe bakin tsohon nan a duniya, to wannan ne.

Ranar Asabar da hantsi kicin ɗin ya zama kamar an yi yaƙi. Ta zuba kabejin mai tsami a tawul ta murɗe har jijiyar hannunta ta tashi, don ɗigon ruwa ɗaya in ya rage, totiyar ta jiƙe ta zama tsumma. Ta jera kokwamba mai tsami a kan takarda tana dannawa ɗaya bayan ɗaya. Ta cuɗa cuku mai laushi da mastad, rawayan mahaɗin nan mai ɗan yaji, da miyar nan mai ruwan hoda, ta ɗanɗana, ta ƙara, ta sake ɗanɗanawa, ta kasa tuna ko haka na Mama yake. Ta shafa a kan totiya har bakin-baki, ta shimfiɗa naman sa, ta ɗora cuku mai huji-huji, ta bar faɗin yatsa a gefe ɗaya don ya kama. Na farko da ta naɗe ya fashe a tsakiya, ta cika shi da yawa. Na biyu ya yi sako-sako. Ta tsaya ta dafa tebur, ta ce, "Mama, don Allah," kamar matar tana ɗaki na gaba. Na uku ya zauna daidai, daga nan hannunta ya tuna. Ta yi na naman sa, ta yi na talotalo, ta ɗaure kowanne cikin leda ta murɗe bakinsa kamar alewa, ta jera su a firij su huta, don wanda bai huta ba ba ya yankuwa.

Tana cikin haka yayanta Curt ya turo ƙofa da kafaɗa. Curt dillalin tarakta ne a wani gari can gaba, yakan zo ran Lahadi da shawara cike da baki, ya tafi kafin lokacin wanke tsoho.

"Har yanzu kina nan kina wasa da leda?" ya ce.

"Ina kujerun?"

"Suna bayan mota. Renae, na kira likitar nan jiya."

Ta juyo da wuƙa a hannu. "Kai ka kira likita? Kai da ko sunan ƙwayar hawan jininsa ba ka sani ba?"

"Ubana ne ni ma, in kin manta. Na leƙa shi yanzu, agogonsa har gwiwar hannu yake zamewa. Me kike jira? Sai iska ta ɗauke shi?"

"Na yi masa alkawari."

"Alkawari! Wanda kika yi wa alkawarin ai ya tafi tare da Mama. Wannan na ɗakin ƙasa bai san yau wace rana ba ce."

"Ya san ɗanɗanon bakinsa. Yau zai ci."

"Da romon kaza ma haka kika ce."

"Curt, ka fita mini daga kicin."

Bai fita ba. Ya tsaya yana murza hularsa, sai ta ga ashe idonsa ya kawo ruwa, abin da ya fi ba ta haushi ke nan, don da mugunta ce ke sa shi da ta ji daɗin tsanarsa. Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "To mu yi haka. In ya ci yau, ci na gaske, na gani da idona, na kama bakina har abada. In bai ci ba, Litinin mu tafi tare, ki buɗe baki ki ce a sa. Ba zan iya binne mutum biyu a shekara ɗaya ba, Renae. Kin yarda?"

Ta dubi firij. Ta ce, "Na yarda."

Da azahar ta fito da su sun yi sanyi sun ƙanƙame. Ta ɗauki wuƙar burodi mai haƙora ta fara yanka, ba dannawa, sai ja da turawa a hankali. Kowane naɗi kansa da wutsiyarsa ba sa yin kyau, totiya ce ta yi yawa, nama na leƙowa a karkace, cuku na tsiyaya. Waɗannan guntayen ta share su da gefen wuƙa cikin kwandon shara ba ta ko duba ba. Yau ba ranar guntaye ba ce. So take abin da zai je gaban Baba ya fito kamar a hoto. Ta jera masu kyan a babban faranti na Mama mai zanen inabi, da'ira cikin da'ira, ta soka wa kowanne tsinke. Sauran naɗin ta bar su a firij don ƙari.

Kafin la'asar gareji ya cika. Rod ya share shi tas ya rataye hotunan Kenzie tun tana rarrafe, ga tebura da ledar shuɗi da fari, ga tukwanen lantarki na wake da ƙwallon nama suna turiri, maza sun kewaye akwatin ƙanƙara suna gardamar ko za a yi ruwa kafin a yanka ciyawa. An zaunar da Norbert a kujera mai hannu kusa da ƙofar shiga gida, an sa masa rigarsa mai aljihu, wuyanta ya yi masa yawa. Sandar dogarawarsa mai ƙafa huɗu tana gefe, da ƙwallayen tanis a ƙafafunta.

Renae ta fito da farantin da hannu biyu. Mata suka yi caa. "Kai, kai, kai! Ta Delores ce sak!" Ba ta tsaya wa kowa ba, ta wuce kai tsaye ta durƙusa a gaban ubanta.

"Baba, duba abin da na yi."

Ya duba. Ya daɗe yana dubawa, har ta ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya ɗaga yatsa ya nuna wata guda da ta ɗan kauce daga layi, ya ce, "Gyara wannan." Ta gyara. Ya gyaɗa kai ya ce, "Ya yi. Kai wa mutane."

"Kai na kawo wa, Baba. Ɗauki ɗaya."

"Na baƙi ne."

"Kai ne babban baƙo yau. Ɗaya tak."

"An gode, na ƙoshi."

Nan fa aka taru a kansa, kowa da irin nasa lallashin. Kenzie ta zo da hular gama makarantarta ta ce, "Kaka, don ni, yau ranata ce." Ya shafa kumatunta ya ce ta girma. Fasto ya ɗauki ɗaya ya ci a gabansa yana lumshe ido kamar mai yi wa ɗan yaye wasa. Sai ga Gwaggo Verna, ƙanwar Norbert, wadda ba ta taɓa yin magana a hankali ba tun da aka haife ta, ta kutso da farantin takarda a hannu.

"Kai Norbert! Tsohon ɓarawon kicin! Yau an ba ka da hannu biyu kana yanga? Buɗe bakin nan kafin in buɗe maka shi da cokali, ƙaton banza."

"Verna, kin yi ƙiba," ya ce.

Aka fashe da dariya. Renae ba ta yi ba. Ta zare tsinken daga guda ɗaya, ta kai ta har leɓensa. "Baba, don girman Allah. Don darajar Mama. Gutsura kawai." Ya datse leɓe, ya kawar da kai gefe kamar jariri, miyar ta shafe shi a kumatu. Dariyar ta mutu. Mutane suka fara neman abin kallo a cikin farantansu, wani ya tambayi wani ina ya sayi tayar motarsa. Ta ɗago ta ga Curt a jikin akwatin ƙanƙara yana kallonta.

Ta goge wa tsohon kumatu da babban yatsa, ta ajiye farantin a tebur. Kafin ta juya hannaye sun rufe shi, mutanen garinmu ba sa wasa da abin banza. Ta ce bari ta yanko ƙari, ta shige gida kafin fuskarta ta tona ta.

A kicin ta jingina goshi da ƙofar firij ta yi kukan da ba sauti, irin wanda ke fitowa daga ƙashin haƙarƙari. Shi ke nan, ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Litinin za ta zauna gaban likita ta ce a huda shi, zai farka ya ga roba a cikinsa, kuma ko ya manta sunanta, ta san wannan ba zai manta ba. Ta ji haushin uwarta da ta mutu ta bar ta da shi, ta ji haushin kanta da ta zaci kabeji da cuku za su yi abin da likita ta kasa. Amma baƙi na jira, kuma 'yar Delores ba ta barin faranti ya zauna wayam. Ta fito da sauran naɗin, ta kwance leda, ta fara yanka tana shan majina. Kwandon shara ya riga ya cika, don haka guntayen sai ta riƙa ture su gefen katako, suka taru.

Ba ta ji buɗe ƙofa ba. Abin da ta ji shi ne sululun ƙwallayen tanis a kan daɓe, a hankali, a tsaya, a sake. Ta ɗauka bayan gida zai wuce, ba ta juyo ba don kada ya ga idonta. Sai sululun ya tsaya a bayanta, dab da kafaɗarta ta hagu. Ta gefen ido ta ga hannu. Busasshen hannu, agogo na lilo a jiki, yana tafiya a kan tebur da yatsu kamar ƙaguwa, ya nufi tarin guntayen. Ya ɗauki ɗaya, mafi muni, wanda nama ke reto a jikinsa.

Da ta yi shiru! Amma ina, wanda ya daɗe da ƙishi ba ya iya ganin ruwa ya yi kawaici. Ta juyo da sauri har wuƙa ta faɗi.

"Yauwa Baba! Ci! Ci abinka! Bari in ba ka mai kyau, zauna, bari in kawo faranti, ga kujera!"

Hannun ya tsaya a iska. Tsohon ya dube ta, hasken da ke idonsa ya dushe tana gani. Ya mayar da guntun inda ya ɗauka, ya goge yatsu a wando.

"Yi haƙuri, ranki ya daɗe," ya ce. "Na ƙoshi."

Ya fara juya sandarsa zai koma.

Wayyo. Renae ta ji kamar ta kwanta a daɓen nan ta yi birgima. Ya kai hannu, da kansa, ita ta kore shi! Ta dafe tebur tana kallon guntun da ya ajiye, da alamar yatsansa a jikin cukun. Sai muryar Gwaggo Verna ta dawo mata, tsohon ɓarawon kicin. Sai ta ga kicin ɗin gidansu na da, tana yarinya tana zaune a ƙarƙashin tebur, ƙafafun Mama a gaban katako, ƙafafun Baba suna sanɗa a baya da safa. Ta tuna ƙarar dukan hannu, ta tuna dariya. Ta lalubi duk bukukuwan da aka yi a gidansu, na baftisma, na Kirsimeti, na aurenta, ta nemi rana ɗaya da ta ga ubanta ya ɗauki katantanwa daga faranti a gaban mutane. Babu. Mai kanti ba ya cin na baƙi. Nasa a tsaye yake ci, a kicin, a sace, ana zaginsa. Su kuwa tun hunturu suke bin sa da cokali suna roƙo, kuma ko da azahar ɗin nan ita da hannunta ta zubar da rabonsa a shara.

Ya kusa kaiwa ƙofa. Ta sunkuya ta ɗauki wuƙar, ta ɗauraye, ta juya masa baya. Ta yi gyaran murya. Abin da za ta yi ya ba ta tsoro, ta ji kamar za ta tono kabari. Ta ɗora wuƙa a kan naɗi, ta buɗe baki, ta ɗauko muryar Mama daga can inda ta ajiye ta, mai kaifi, mai fita ta hanci.

"Norbert Zastrow! Na gan ka. In ka kuskura ka taɓa mini guntayen nan sai na datse yatsan. Fita mini daga kicin!"

Sululun ya tsaya.

Ta ci gaba da yanka, ja da turawa, ba ta ganin abin da take yankawa. Daga gareji ana jiyo dariyar maza. Ta ce a ranta, ya Ubangiji, kada ka bar ni haka. Sai ta ji ƙwallayen tanis sun juyo.

Hannun ya sake bayyana a gefen katako. Ta bar shi ya ɗauka, sannan ta kai masa duka a bayan hannu da tawul, ba da ƙarfi ba, fyaɗa ɗaya. Hannun ya tsere da abin da ya samu. A bayanta ta ji wani ɗan sauti da ta manta da shi, "hi-hi," ta cikin hanci. Sannan ta ji tauna. Tauna ta gaske, a hankali, da ƙarar kabeji a haƙori, sannan haɗiya.

Ta tokare cikinta da bakin tebur.

"Mastad ya yi kaɗan," ya ce da cikakken baki.

"Wa ya tambaye ka? Ɓarawo har da ƙorafi!"

"Ni dai na faɗa."

Ya sake ɗauka. Ta sake fyaɗa masa tawul, ta yi tsaki irin na Mama. Ya ci na uku, ya ci na huɗu, ta daina lissafi don kada ta yi masa baki. Tana jin numfashinsa a kafaɗarta, da warin man gashinsa. Ba ta yarda ta juyo ba ko sau ɗaya, ta san in ya ga fuskarta komai zai rushe.

Ƙofar gareji ta buɗe. Curt ne, da farantin nan mai zanen inabi wayam a hannu, bakinsa a buɗe zai yi magana. Ya ga tsoho a tsaye, kumatu cike, miya a haɓa. Renae ta zare wa Curt ido ta girgiza kai. Ya tsaya kamar an dasa shi. Ta ɗaga murya don ya ji da kyau.

"Duba min mutumin nan, zai cinye mini kaya kafin baƙi su gani! Ba ka da kunya, Norbert?"

"Ba ni da ita," in ji tsoho, yana miƙa hannu.

Curt ya toshe bakinsa da hularsa. Ya ajiye farantin a kan injin wanki ba ƙara, ya ja da baya, ya jawo ƙofar a hankali ya rufe. Ta jiyo shi a waje yana ce wa wani kada kowa ya shiga, ana aiki.

Guntu ɗaya ya rage a gefen katako. Hannun ya zo kansa, ya tsaya, sai ya tura shi da yatsa zuwa wajenta.

"Delores."

Wuƙar ta tsaya. Ba ta taɓa zaton sunan uwarta zai yi mata nauyi haka ba. In ta amsa, ta san abin da ta saya: gobe da jibi da duk ranar da ta rage masa, sai dai ta tsaya ta juya masa baya ta zama wata, ya ci abinci a hannun matar da ke cikin ƙasa, ita kuwa 'yarsa ta koma ranki ya daɗe. In ba ta amsa ba, ga Litinin nan tafe.

"Na'am," ta ce.

"Ajiye wa Renae wannan. Ki tabbata ta ci." Ya matso ya rage murya kamar mai gulma. "Yarinyar nan ta rame, ba ki lura ba? Kullum tana bin mutane da cokali, ita ba mai ce mata ci. Ni tana ba ni tausayi."

Hawaye ya ɗiga a kan katako, ta sa gwiwar hannu ta rufe wurin.

"Zan ba ta," ta ce.

"Yarinyar kirki ce. Ita ba ta karya alkawari."

"Na sani. Kai dai matsa mini, kana tare mini haske."

Bai matsa ba. Yana nan tsaye yana leƙen katakon ta saman kafaɗarta, yana lasar yatsa.

"Sun ƙare?" ya ce.

Renae ta dubi abin da ke gabanta. Naɗi biyu ne suka rage ba a taɓa ba, sumul, a ɗaure tamau, waɗanda suka fi kowanne kyau, ga baƙi cike da gareji suna jiran faranti. Ta kwance ledar na farko. Ta karkata wuƙar, ta danna da ƙarfi yadda Mama ta hana, totiya ta yage, nama ya leƙo, cuku ya tsiyayo ta gefe. Ta sake dannawa a karkace, ta sake, har ta mai da shi guntaye tun daga kai har wutsiya, ta ture su gefen hagu inda hannunsa ke kaiwa.

"Kada ka taɓa waɗannan," ta ce. "Na baƙi ne."